Golmo, Bariki Da Bencin Baya: Shekara Ɗari Na Riƙon Bangaskiya A Ƙasar Zuru

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba. Na bar shi kusan yadda na faɗe shi, gyara kaɗan kawai na yi.

Bayan shirin da ya wuce, wani matashi ya turo mini saƙo. Ya ce: "Yayana, kullum Yusufu, kullum Daniyel. Mutanen nan ba su san kuɗin buhun masara ba. Akwai wanda ya taɓa riƙe gaskiya a nan ƙasarmu, kuma yunwa ba ta kashe shi ba?" Gaskiya tambayar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa yau ba za mu je Masar ko Babila ba, gida za mu je, Zuru. Zan ba ku tarihin yadda Kiristanci ya shigo, da irin jarabobin da masu bi suka sha tun daga farko, sannan in haɗa da labarin kakana, wanda ya haifi babana, domin a bakinsa na ji yawancin abin da littafi bai rubuta ba.

Ga wanda bai san wurin ba, masarautar Zuru tana kudu maso gabashin jihar Kebbi, tana iyaka da Neja da Zamfara. Ƙananan hukumomi huɗu ne: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. Hausawa suna ce mana Dakarkari, mu kuwa muna kiran kanmu Lelna, harshenmu C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu. A zamanin Turawa an daɗe ana haɗa mu da Kontagora a lardin Neja. A 1976 aka mai da mu jihar Sakkwato, a 1991 kuma da aka ƙirƙiro Kebbi muka faɗo cikinta.

Kakanninmu mutanen dutse ne, kuma ba don sha'awa suka hau dutsen ba. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Kontagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, suna kai hare-haren kamun bayi a duk yankin nan. Wanda ya zauna a fili an kwashe shi. Sai a farkon 1901, da sojojin Ingila suka ci Kontagora, abin ya fara lafawa. To mutanen da suka rayu haka, dole su tarbiyyantar da 'ya'yansu a kan juriya. Makarantar da suka gina domin wannan ita ce golmo.

Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa surukinsa kafin a ba shi mata, kuma bisa al'ada shekara bakwai ne. Ba shi kaɗai yake yi ba. Samari suna haɗa ƙungiya, yau a gonar surukin wannan, gobe a gonar surukin wancan, daga asuba har rana ta faɗi. Ba ka cewa ka gaji. Ba ka barin kunyarka a tsakiya. Wanda ya yi ragwanci ya ja wa gidansu abin kunya. A bikin Uhola, bayan an gama girbi, ake godiya saboda amfanin gona, a kuma nuna samari da 'yan matan da suka kai munzali. Ku riƙe wannan a ranku, domin za mu dawo kansa.

Yanzu bari mu zo kan mishan. Turawan mulki ba su cika barin 'yan mishan su yi wa'azi a cikin manyan biranen Musulmi ba, saboda alkawarin da Lugard ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Don haka mishan suka fi nufar ƙasashen masu addinin gargajiya. Wani mutumin Kanada mai suna Alexander Banfield ya kafa tasha a Shonga, ƙasar Nufe, a 1905. Shi ne wanda ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Daga aikinsa ƙungiyar da aka sani da UMS ta bazu: Jebba, Mokwa, sai Salka a ƙasar Kambari. A wajajen 1925 wasu 'yan'uwa biyu daga Amurka, Joseph Ummel da Paul Ummel, suka buɗe aiki a Zuru. Daga baya aka yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Salka, aka yi asibiti a Tungan Magajiya. Ikilisiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce UMCA da muka sani yau, mai hedkwata a Ilorin. Katolika da Baptist da ECWA su ma duk suna nan a ƙasar. Littafin da aka fi karantawa kuwa na Hausa ne, wanda aka buga cikakke a 1932. Shi ya sa har gobe za ka ji tsohuwa tana hira da C'lela amma tana addu'a da Hausa.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, mishan ɗin da suka zo mana masu tsauri ne. Koyarwarsu ta fi nauyi a kan tsarkin rai: ba giya, ba taba, ba mata biyu, ba tsafi, ba aiki ranar Lahadi. To ka ɗauki wannan ka kai shi ƙauyen da giyar dawa take cikin kowace hidima. Da ita ake gayya, da ita ake biki, da ita ake makoki, da ita ake roƙon kakanni. Wanda ya ce ba ya sha, kusan ya ce ne ba ya cikin dangi. Shi ya sa tsofaffi suke cewa shekarun farko mutane suna zuwa karɓar magani, suna zuwa kallon Bature, amma masu tsayawa a yi musu baftisma 'yan kaɗan ne. Ba tsoron takobi ya hana su ba. Tsoron zama saniyar ware ne.

Nan labarin kakana ya shigo. An haife shi a ƙarshen shekarun 1930, shi kansa bai san ainihin shekarar ba. Ya shiga golmo yana ɗan saurayi. A damina ta huɗu wani ciwo ya kama shi a ƙafa, aka kai shi wurin mishan aka yi ta wanke masa. Yana jiran magani ya fara koyon a, ba, ca, daga nan ya fara zuwa sujada. Abin da ya fara kama shi, in ji shi, labarin Yakubu ne da ya yi wa Laban aiki shekara bakwai saboda Rahila. Ya ce da ya ji, sai ya yi dariya ya ce ashe mutumin nan ɗan golmo ne, har ma an cuce shi an ƙara masa wasu bakwai.

A damina ta biyar rigima ta tashi. Ya daina fita ranar Lahadi, sai ya riƙa ramawa shi kaɗai a wata rana. Abokansa suka haƙura da wannan. Amma ranar da aka zo roƙon albarkar gona, aka zuba giya a ƙasa domin kakanni, aka zagayo da ƙwarya kowa ya kurɓa, ta zo kansa sai ya miƙa wa na gaba. Surukinsa ya kira shi gefe, kuma ku lura, ba da faɗa ba. Ya ce: "Ɗana, ban taɓa samun manomi irinka ba. Ban ce ka bar Baturenka ba. Kurɓi ɗaya kawai, ko leɓe ka jiƙa, don kada a ce na ba da 'yata ga wanda ya raina kakanninmu." Abokansa suka ce: "Kai, wa zai gani? Bature yana Zuru, mu kuwa bakinmu ƙanin ƙafarmu."

Jama'a, wannan ita ce ainihin jaraba. Ba ta zuwa da ƙaho. Tana zuwa ta bakin mutumin kirki da yake sonka, kuma abin da take nema ƙarami ne. Kakana ya ce ya durƙusa ya ce: "Baba, in na jiƙa leɓe ina nufin ƙarya, na yaudare ka, na yaudari kakanninka, na yaudari Ubangijina. Mutum uku a kurɓi ɗaya." Tsohon ya yi shiru. Bayan girbi aka ba da yarinyar ga wani. Damina biyar ta tafi a banza.

Na taɓa tsokanarsa, irin wasan jika da kaka, na ce: "Tsoho, ashe budurwa aka ƙwace maka shi ya sa ka gudu soja." Ya yi dariya, amma sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce: "Abokina, har yau ban ce bai yi zafi ba."

Haka ne, soja ya tafi, kamar dubban samarin ƙasarmu. Tun zamanin Turawa an san Zuru da ba da sojoji, domin wanda ya yi golmo, faretin bariki wasa ne a wurinsa. Mutanenmu sun je Bama a yaƙin duniya na biyu, sun je Kongo a farkon shekarun 1960, sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun je Laberiya da Saliyo. Daga ƙasar nan aka samu Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya yi hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Janar Tanko Ayuba da ya yi gwamnan Kaduna, da Janar Muhammadu Sani Sami da ya yi gwamnan Bauchi kafin ya zama Sarkin Zuru, wanda ya rasu a watan Agustan 2025. Da wuya ka shiga gida a Zuru ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba.

Bariki ita ce jaraba ta biyu a tarihinmu, kuma ta fi ta farko haɗari. A ƙauye kowa ya san ka. A bariki kuwa ga albashi a hannu, ga giya a bayan layi, ga matan da ba su san uwarka ba, ga bindiga da take sa kowa ya ce maka ranka ya daɗe. Lokacin yaƙin basasa, in ji kakana, sukan shiga gari su tarar mutane sun gudu sun bar komai. Keken ɗinki, rediyo, agogo, atamfa, har kwanon rufi. Wasu suna ta loda wa mota suna aikawa gida. Shi bai ɗauki ko cokali ba. Dalilinsa wani wuri ne a Luka sura 3, inda sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Kakana yana cewa wannan ayar da sunan mutanen Zuru aka rubuta ta.

Da aka sallame shi ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da bargo. Wasu sa'o'insa suka dawo suka yi rufin kwano, suka sayi injin niƙa. Babana ya tashi a ɗakin ciyawa, kuma bai ɓoye mini ba, ya daɗe yana jin haushin mahaifinsa. Ya ce ranar da aka kore shi daga makaranta saboda kuɗi, ya dawo ya tsaya a gaban tsohon ya ce: "Baba, gaskiyarka za mu ci?" Tsohon bai amsa ba, ya ɗauki fartanya ya fita.

Amma kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Mutumin da ya ƙi kurɓi ɗaya a gaban surukinsa, bayan yaƙi ya koma mashayi. Abin da ya gani a fagen daga ya hana shi barci, sai ya fara da ɗan kaɗan don ya samu ya runtsa. Shekaru ya yi a haka, yana sha a ɓoye, ranar Lahadi yana zaune a gaba da Littafinsa. Ba wanda ya kama shi. Shi da kansa ya je wurin dattawan ikilisiya ya faɗa. Aka sa shi horo wata shida. Waɗanda suka tashi a irin majami'unmu sun san ma'anar wannan: ka bar wurin zamanka ka koma bencin baya, ba ka cin jibin Ubangiji, ba ka jagorar addu'a, kowa ya shigo ya gan ka. Tsohon saje, wanda ya ba da oda a fagen yaƙi, ya zauna a bencin baya tare da yara. Bai fasa Lahadi ko ɗaya ba. Da yawa in an sa su horo sai su sauya coci, ko su daina zuwa. Shi ya ce ai ɗan golmo ba ya barin kunya a tsakiya.

Jaraba ta uku ita ce ta suna, kuma a nan ina so in taka a hankali. Tsakanin 1963 da 1965 Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin kira zuwa Musulunci a sassa da dama na Arewa, mutane da yawa kuma suka karɓa. A ƙasar Zuru gida ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, tukunya ɗaya suke ci. A gidanmu ma haka ne, ƙanin kakana Alhaji ne, kuma shi ya tsaya a kan hidimar jana'izar yayansa. Wanda ya sauya addini domin zuciyarsa ta gamsu, wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Abin da nake magana a kai shi ne wanda zuciyarsa tana nan inda take, amma ya sauya suna a takarda domin yana ganin sunan zai buɗe masa ƙofar aiki ko sarauta ko ƙarin girma. Kuma abin ya taɓa tafiya ta ɗaya ɓangaren: akwai waɗanda suka shiga coci don boko da allura kawai, da suka samu suka kama gabansu. Duka biyun ciniki ne, kuma ba Musulmin kirki ko Kiristan kirki da yake murna da mai irin wannan ciniki.

Wani abu kuma da ya kamata mu faɗa, mishan ɗin ma ba a komai suka yi daidai ba. Sun haɗa tsafi da al'ada sun ɗaure a dami ɗaya, har ganga da rawa da kokawa suka zama abin tuhuma. An yi shekaru ana gardama a kan ko mai bi zai je Uhola, kuma har yau akwai gidajen da ba a gama ta ba. Amma ni abin da na fahimta shi ne, ƙashin bayan da ya riƙe masu bi na farko ba daga Amurka aka kawo shi ba. A gonar suruki aka ƙera shi. Golmo ya koya musu jiran abu shekara bakwai, da cika alkawari, da jin kunyar a kama ka da ha'inci. Bishara ta zo ta tarar da wannan, ta nuna masa sabuwar hanya.

To mu fa? Mu da muka gaji coci a gine, ba wanda zai hana mu mata saboda kurɓin giya? Namu gwajin ya zo da wata fuska. Kun san halin da ƙasarmu take ciki. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da mutum 60. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kai hari a Kanya, aka kashe sojoji. A watan Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata fiye da 20 a makarantar Maga. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma daji. A irin wannan lokaci jaraba biyu ce take yawo. Ta farko ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai yarensu ɗaya da mai laifi. Ta biyu kuwa cin abincin wanda ya fi ka wahala.

Ta biyun ce ta same ni, kuma zan faɗa muku don kada ku ce ina wa'azi daga inuwa. Akwai lokacin da aka ba ni aikin rubuta sunayen 'yan gudun hijira da za a raba wa hatsi. Wani da muke aikin tare ya ce mini kowa yana ƙara suna biyar ko goma, ba mai bincike. A lokacin gwaggona tana gidanmu da yara shida, ta baro gonarta, amma ba ta cikin rukunin da aka ce a rubuta. Na ce a raina ai ba sata ba ce, ita ma mabuƙaciya ce. Na ƙara suna uku na ƙarya. Da dare na kasa barci, domin buhunan a ƙirge suke: duk sunan da na ƙara, akwai wata mata a ƙarshen layi da za a ce mata ya ƙare. Da asuba na soke su. Na je na roƙa a fili a sa gwaggona, aka ce sai zagaye na gaba. Zagaye na gaba bai zo ba. Mun sayar da akuya biyu kafin mu kai kaka. Wanda ya ba ni shawarar kuwa har yau yana ce mini fasto, kuma ba yabo yake nufi ba.

Saboda haka, ƙanina da ka turo tambaya, ga amsata. E, an yi masu riƙe gaskiya a ƙasar nan, kuma yunwa ba ta kashe su ba. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ba su yi asara ba. Kakana ya rasa damina biyar da yarinyar da yake so. Ya rasa rufin kwano. Ɗansa ya yi shekaru yana jin haushinsa. Ba a sa sunansa a kan titi ba. Abin da ya samu shi ne, a unguwarmu in rigimar gona ta tashi, Musulmi da Kirista da mai gargajiya duk shi suke cewa a kira, domin an san ba a sayensa. Matan da mazansu suke bakin daga wurinsa suke kawo ajiyar kuɗi. Babana kuma, wanda ya tambaya ko gaskiya za a ci, shi ne yake ajiye da akwatin ƙarfen nan a ɗakinsa, ba ya bari a taɓa.

In kuwa ka riga ka faɗi, ka riga ka ƙara sunan, ka riga ka ci kuɗin, ka riga ka kurɓa, to ka tuna bencin baya yana nan, kuma a cikin majami'a yake. Je ka mayar da abin da za ka iya mayarwa, ka faɗa wa wanda ya kamata ya ji, ka zauna ka cinye horonka.

Wanda yake da tsoho ko tsohuwa da suka ga zamanin golmo ko zamanin mishan, don Allah ku zauna da su tun suna nan, ku ɗauki muryarsu a waya. In kun samu wani labari ku turo mini, ko ya saɓa da nawa. 'Yan'uwanmu Musulmi da suke bin shirin nan, ku ma ku kawo na kakanninku, domin na san akwai. A nan za mu dakata. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Danko da Wasagu da Sakaba da Fakai da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.